Me Ke Kan Wanda Ya Gani?

A farkon watan Nuwamba na 2019, ina tsakiyar gabatar da shirin manoma na yamma a nan garinmu Gadarif, gabashin Sudan, sai aka miƙo mini wata 'yar takarda aka ce in karanta kafin in ci gaba. Labarin gajere ne. Ranar 3 ga watan, wata roka ƙirar Long March 4B ta tashi daga tashar Taiyuan ta ƙasar Sin, ɗauke da tauraron ɗan'adam na farko mallakar Sudan, wanda aka raɗa wa suna SRSS-1. Wani kamfani na birnin Shenzhen ne ya ƙera shi, aikinsa kuwa ɗaukar hotunan doron ƙasa daga nisan kimanin kilomita 500. Na karanta da Larabci, na sake faɗa da Hausa, bakina har kunne kamar ni na ɗaga shi da hannuna. Daga nan na buɗe layin waya domin jin ta bakin masu saurare.

Mutum uku na farko barka suka yi. Na huɗu wani matashi ne da ya tambaya a fusace ko tauraron zai rage kuɗin gurasa, ya kashe wayarsa kafin in amsa. Na biyar kuwa dattijo ne daga wani ƙauye a kudu da gari, irin mutanen nan da ba sa gaggawar magana. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Ɗana, na ji bayaninka. Wannan abu da kuka aika sama, yana ganin gonata?" Na ce, "Yana gani, Baba." Ya ce, "To madalla. In ya ga dawata ta ƙone, wa zai gaya wa? Shi kuma wanda aka gaya wa, me zai yi?" Na yi 'yar dariya irin ta ma'aikacin rediyo da ya rasa abin faɗa, na ce Allah ya ƙara wa Baba lafiya, na sa kiɗa. Shekaru sun shuɗe, yaƙi ya zo ya birkita ƙasar, amma tambayar nan ba ta rabu da ni ba. Ita nake so mu juya tare a wannan rubutu.

Ga 'yan'uwa na Kano da Maraɗi da sauran wurare da ba su san Gadarif ba, gari ne da ke kusa da iyakar Habasha, a kan baƙar ƙasa mai laka wadda ke tsattsagewa da rani har ƙafar mutum ta shige, ta kuma haɗe da damina ta riƙe tayar mota. Ana kiran jiharmu rumbun Sudan saboda dawa da riɗi. Tun shekarun 1940 aka fara noma da tarakta a yankin Gadambaliya, kuma har yau kusan dukkan noman na ruwan sama ne. Kakanninmu Hausawa hanyar aikin hajji ce ta kawo su, wasu kuma sun biyo ayarin da ya yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, ayarin da ya kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Sun zo a ƙafa da jakai, kuma cikin guzurinsu akwai ilimin duba sama.

Kakana bai taɓa ganin hoton tauraron ɗan'adam ba, amma da taurari yake lissafin damina. Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha, Harsan: kowanne kwana 13 ne, sai Jabha da ke da 14. Da ya zo nan ya tarar Larabawan Sudan suna da lissafi iri ɗaya, suna kiransa ina, da 'yan bambance-bambancen furuci. Ya san tauraron da ake shuka riɗi a cikinsa da wanda in ya wuce shuka ta zama caca. Tun kafin shi ma, malamin nan Muhammadu ɗan Muhammadu al-Kashinawi, mutumin Katsina, ya yi suna a hisabi da falaki har a Alƙahira, inda ya rasu a 1741. Na kawo wannan ne domin mu cire wani tunani tun daga farko, wato cewa duba sama nishaɗin ƙoshassu ne. Manomin da ba shi da fanfo ba shi da madatsar ruwa ya fi kowa buƙatar sanin abin da sama ke shiryawa.

Duk da haka tambayar matashin nan mai gurasa tana da nauyi, kuma rashin adalci ne a share ta. Shekara ɗaya bai cika ba kafin tashin rokar, a Disambar 2018, kuɗin gurasa ya tashi daga fam ɗaya zuwa uku, mutanen Atbara suka fito titi, mu ma a Gadarif muka fito, aka rasa rayuka a garin nan. Wannan bore ne ya kai ga faɗuwar Umar al-Bashir a Afrilun 2019. Mutumin da ya tsaya layin burodi tun asuba yana da hujjar jin haushi in aka ce masa ƙasarsa ta shiga sahun masu tauraro.

Ba shi ya fara tambayar ba. A Yulin 1969, ana gobe kumbon Apollo 11 zai tashi zuwa duniyar wata, Ralph Abernathy, abokin gwagwarmayar Martin Luther King, ya jagoranci iyalai matalauta da amalanken alfadarai har ƙofar tashar harba roka ta Amurka. Shugaban hukumar NASA na lokacin, Thomas Paine, ya fito ya same su, ya ce musu da fasa tafiyar zai magance talaucinsu da an fasa. Shekara guda bayan haka wata ma'aikaciyar coci a Zambiya, Mary Jucunda, ta rubuta wa masanin hukumar Ernst Stuhlinger wasiƙa kan yara masu mutuwa da yunwa, shi kuma ya amsa da dogon bayani cewa binciken kimiyya yakan dawo da amfani ta inda ba a zata ba.

A ganina kowane ɓangare ya kama wani yanki na gaskiya ya saki wani. Gaskiya ne cewa kuɗin da ba a kashe a roka ba, ba ya komawa gurasa da kansa. Mu da muka rayu a Sudan mun san inda irin waɗannan kuɗi suke zuwa. Kuma yunwar da aka tabbatar a sansanin Zamzam na Darfur a Agustan 2024 ta faru ne alhali manoman Gadarif suna gonakinsu, kasuwar amfanin gona tana ci. Bindiga da toshe hanya ne suka haifar da ita. Sai dai kuma amsar da ke cewa a yi haƙuri, amfani zai zo wata rana, amsar mai cikakken ciki ce. Ana iya fakewa da ita a kashe ko nawa ne a kan ko mene ne, har abada, ba tare da an yi wa kowa bayani ba. Shi ya sa tambayar Baba ta fi ta matashin kaifi. Shi bai ce kada a harba ba. Ya yarda an harba, ya yarda ana gani, sannan ya nemi a faɗa masa abin da ya hau kan wanda ya gani.

Kafin mu je can, ya kamata mu san abin da wannan ido yake iyawa. Taurarin ɗan'adam iri-iri ne. Akwai na sadarwa, masu ɗaukar murya da hoto da intanet. Akwai na yanayi, masu bin gizagizai, irin Meteosat na Turai da ke tsaye saman Afirka. Akwai na nuna hanya, waɗanda wayoyinmu ke amfani da su. Sai kuma masu duba ƙasa, irin namu. Waɗannan suna zagaya duniya sau ɗaya cikin kimanin sa'a ɗaya da rabi, kuma yawancinsu suna ganin wani haske da idon mutum ba ya gani. Ganye mai lafiya yana mayar da wannan haske da ƙarfi, ganyen da ƙishi ya kama yana mayar da shi da rauni. Ta haka ake gane gonar da ta fara wahala tun kafin mai wucewa a hanya ya ga ta yi ja. Ta haka kuma ake gano inda ruwa ya sauka a hamada ciyawa ta tsiro, wurin da fara ke yin ƙwai, kamar yadda aka yi ta bibiya lokacin farin dangon 2019 da 2020 a gaɓar Bahar Maliya da gabashin Afirka.

Misalin da ya fi burge ni na Indiya ne. A 1999 wata mahaukaciyar guguwa ta afka wa jihar Odisha ta kashe mutum kusan 10,000. A 2013 wata mai suna Phailin ta nufi gaɓar nan dai, aka kwashe mutum kusan miliyan ɗaya kafin ta iso, waɗanda suka mutu ba su kai ɗari ba. A duka shekarun biyu Indiya tana da taurari a sama. Abin da ya ƙaru a tsakani shi ne ingantaccen hasashe, da gine-ginen fakewa, da hanyar isar da gargaɗi har ƙauye, da jami'an da suka san za a tuhume su in suka yi barci. Ido ya samu baki, baki ya samu ƙafa. Wannan shi ne abin da Baba yake tambaya, ko da bai taɓa jin sunan Odisha ba.

Wani zai ce, to ai hotunan nan kyauta ake samunsu, me ya kai talaka sayen nasa? Maganar tana da tushe. Hotunan Landsat na Amurka kyauta ne tun 2008. Sentinel-2 na Tarayyar Turai yana ɗaukar kowane yanki duk kwana biyar, kuma duk mai intanet zai iya saukewa. Cibiyar ICPAC ta ƙungiyar IGAD da ke Nairobi tana fitar da hasashen damina ga yankinmu kowace shekara. Amma mun ɗanɗana zaman aro. Tsarin gargaɗin yunwa na FEWS NET, wanda Amurka ta kafa a 1985 bayan yunwar da ta sa iyayenmu suka ci jar dawar agaji da ake kira Regan, an rufe shafinsa a Janairun 2025 na wasu watanni saboda sauyin gwamnati a Washinton, a daidai lokacin da Sudan ke cikin yunwa mafi muni a duniya. A Fabrairun 2024 kuma, da layukan waya suka ɗauke a faɗin ƙasar, mutane da dama ba su da hanyar karɓar kuɗi ta manhajar Bankak sai ta na'urorin Starlink da ake haya awa-awa. Bayan wata biyu kamfanin ya aika gargaɗin yanke hidima a ƙasashen da ba shi da lasisi, har ƙungiyoyin agaji suka fito suna roƙo. Kayan aro ba ya rufe katara. Mutanen da ba su da idon kansu, ranar da mai ido ya juya kai sun makance.

Sai dai mallakar ido ba ta tsaya ga sayen ƙarfe ba. Duk taurarin da ƙasashen Afirka suka mallaka, daga wajen nahiyar aka harba su. An taɓa harba roka zuwa falaki daga ƙasar Afirka: Faransa ta yi daga Hammaguir a hamadar Aljeriya a 1965, Italiya kuma ta yi daga dandalin San Marco a tekun Malindi na Kenya tsakanin 1967 da 1988. Amma ƙasa ce tamu, roka da ilimi na wasu. Nijeriya ta harba NigeriaSat-1 daga Rasha a Satumbar 2003, kuma wannan ƙaramin tauraro ya aika hotunan ɓarnar guguwar Katrina a Amurka a 2005. Ta kuma sha ɗacin asara lokacin da NigComSat-1 ya mutu a Nuwambar 2008, wata 18 kacal bayan harba shi. Ni dai abin da na fi ɗauka riba a tarihin Nijeriya shi ne NigeriaSat-X na 2011, wanda injiniyoyin ƙasar da aka horar a Surrey ta Ingila suka haɗa da hannunsu. Tauraro yana da wa'adi, 'yan shekaru ne ya mutu. Mutumin da ya koyi ƙera shi da karanta hotunansa zai koyar da wasu. Habasha, maƙwabciyarmu, ta harba nata na farko daga Taiyuan ɗin nan a Disambar 2019, 'yan makonni bayan namu. A Afrilun 2025 aka buɗe Hukumar Sararin Samaniya ta Afirka a Masar, ƙasar da malaminmu na Katsina yake kwance. In wannan hukuma ta sa ƙasashe suka haɗa kuɗi da hotuna da ɗalibai maimakon kowa ya sayi nasa don a yi masa tafi, to ta yi aikinta. Gizagizai da fara ba sa tsayawa a shingen Gallabat su nuna fasfo.

Yanzu mu dawo kan Baba. Malamanmu na fiƙihu sun raba shaida gida biyu: ɗaukarta da bayar da ita. Mutum yana iya kauce wa ɗaukar shaida in akwai wasu da za su ɗauka. Amma in ya riga ya gani, kuma haƙƙin wani zai salwanta in ya yi shiru, to bayarwa ta zama dole a kansa, ɓoyewa kuma zunubi ne. Ƙasar da ta harba tauraron duba ƙasa ta tsaya gaban jama'arta ne ta ce, daga yau ni shaida ce. Ba wanda ya tilasta mata. Ita ta zaɓi ta gani. Kafin ranar tana iya cewa ba ta san fari ya kama kudancin jiha ba, ba ta san ruwa ya ci ƙauyuka ba. Bayan ranar wannan uzuri ya faɗi. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Shi ya sa nake ganin bikin harba tauraro ya fi kama da ranar ɗaukar bashi, ko da yake mu ranar karɓar kyauta muke mayar da shi.

Wannan hukunci bai tsaya kan gwamnatocinmu ba. Da wuya a samu yaƙin da aka kalla daga sama kamar na Sudan. Tun 2007 ƙungiyar Amnesty ta buɗe shirin sa ido kan ƙauyukan Darfur da hotunan tauraro. A ƙarshen 2010 ɗan fim George Clooney da abokansa suka kafa wani makamancinsa. A wannan yaƙi da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, masu bincike na Jami'ar Yale sun yi ta wallafa hotunan Al-Fashir wata bayan wata: unguwannin da aka ƙone, maƙabartun da ke faɗaɗa, ganuwar ƙasa da aka gina aka zagaye birnin da ita. Duniya ta gani dalla-dalla, har birnin ya faɗa hannun dakarun RSF a ƙarshen Oktoban 2025. A da mukan ce da an sani da an hana. Yanzu an sani. Hotunan suna da amfani, domin wata rana za su iya tsayawa gaban alƙali, kuma waɗanda suka tattara su sun sauke nasu nauyin. Amma ga wadda take cikin ganuwar, me ya bambanta wanda bai gani ba da wanda ya gani ya wuce? Na biyun ya fi ciwo.

Akwai kuma wata tambaya da ke biye da ta Baba: idon nan na wa ne? Daga sama ana ganin ƙasa, ba a ganin haƙƙi. Dokar filaye ta 1970 ta mayar da duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba mallakar gwamnatin Sudan, alhali mafi yawan gonakin ƙananan manoma da makiyayar dabbobi ba su da takarda. A jiharmu an yanka manyan gonakin tarakta masu faddan 1,000 zuwa 1,500 aka ba masu hali. A hoton tauraro irin wannan gona tana fitowa murabba'i tsaf, gwanin sha'awa. Saurar da wani ya bari ta huta, da burtalin da garken raƙuma ke bi daga Butana zuwa kudu, da kurmin da mata ke samun itace, su kuwa suna fitowa kamar fili marar mai shi. Hoto ɗaya zai iya zama hujjar mai neman ƙarin fili, zai kuma iya zama hujjar makiyayi. Masu bincike a Jami'ar Gadarif sun yi amfani da tsofaffin hotunan tauraro sun nuna yadda gonakin tarakta suka cinye makiyaya da dazuzzuka cikin 'yan shekarun nan. Wannan shi ne bayar da shaida. Na'ura ɗaya ce, bambancin yana ga wanda aka bari ya duba.

Kada mu manta kuma roka da makami mai linzami uwa ɗaya uba ɗaya suke. Rokar da ta ɗaga Sputnik a 1957 an ƙera ta ne don ɗaukar makamin nukiliya. Wadda ta ɗaga taurarin Nijeriya biyu a Agustan 2011, mai suna Dnepr, tsohon makamin Tarayyar Sobiyet ne da aka sauya wa aiki. Sanarwar da ta biyo bayan harba namu ma ta ambaci amfanin farar hula da na tsaro tare. Mu a Gadarif mun ji ƙarar jirage marasa matuƙa a kan garinmu a Afrilun 2024, a lokacin da makarantunmu ke cike da 'yan gudun hijirar Madani. Yaran da suka kwana a azuzuwan nan sun koyi ɗaga kai sama da tsoro. Kakana yana ɗaga kai ne da fata. Duk shirin sararin samaniyar da bai damu da wanne daga cikin biyun yake koya wa yara ba, bai cancanci kuɗin jama'a ba.

Na taɓa zuwa wani ofishi neman taswirar yadda damina ta kasance a yankunanmu, domin in yi wa manoma bayani a shiri. Aka ce in rubuto takarda. Na rubuta. Aka ce mai sa hannu ya yi tafiya. Da na koma karo na uku, wani ya ja ni gefe ya ce irin waɗannan bayanai na tsaro ne. Na fito ina huci, na kwana biyu ina ba abokai labari. Amma tunda gaskiya muke nema, bari in faɗi nawa laifin, wanda ya fi wannan muni.

Wata kaka, a lokacin yankan riɗi, saƙo ya shigo wayata daga wani abokina da ke bin hasashen yanayi. Wanda ya san riɗi ya san kwanakin nan ba wasa: in ya nuna dole a yanke cikin 'yan kwanaki kafin kwanson ya fashe, a ɗaure dami-dami a jingina a tsaye ya bushe, kuma ruwan sama a wannan lokaci asara ce tsagwaronta. Saƙon jadawali ne da Turanci, cike da alƙaluma da kaso cikin ɗari, yana nuna yiwuwar ruwa mai yawa a ƙarshen mako. Ban gane shi sosai ba, na ji nauyin in kira in tambaya, ga shi kuma ina da babban baƙo a shirin ranar. Na ce sai gobe. Gobe ta zo da nata hidimomin. Ranar Juma'a da dare ruwa ya sauka. Ban san ko mutum nawa ne za su iya kwashe riɗinsu da na faɗa ba, wataƙila kaɗan ne, domin leburori suna tsada a lokacin. Amma na san tauraron ya yi aikinsa, masanin ya yi nasa, abokina ya yi nasa. A bakina shaidar ta maƙale. Tambayar Baba, wa zai gaya wa, ashe ni ake nufi.

Tun daga ranar na daina kallon maganar sararin samaniya a matsayin labarin manya da ake karantawa a ƙarshen labaran duniya. Sarƙa ce doguwa, daga roka zuwa tashar karɓar hoto, zuwa masani, zuwa jami'in gona, zuwa mai magana a rediyo, zuwa ƙaramar rediyon da ke rataye a reshen ƙaya a bakin gona. In zobe ɗaya ya tsinke, miliyoyin da aka kashe a sama sun tashi a banza. Kuma zoben da ya fi yawan tsinkewa shi ne mafi araha, na kusa da ƙasa, inda ake buƙatar wanda zai mayar da kaso saba'in cikin ɗari ya zama magana da Hausa ko Larabcin kasuwa ko Bedawiye, a faɗe ta a kan lokaci, a kuma faɗi gaskiya cewa hasashe ne, yana iya kuskure.

Don haka in aka sake miƙo mini takarda cewa ƙasata ko nahiyata ta harba wani tauraro, zan karanta, kuma zan yi murna, domin ina so 'ya'yanmu su zama masu ƙera abin da kakanninsu suka yi ta kallo. Amma zan bi da tambayoyi, a kan iska, kowa yana ji. Hotunan nan wa ke da izinin ganinsu? Ɗalibi a jami'ar jiha zai same su ba tare da ya san wani ba? Cikin kuɗin shirin nawa aka ware don isar da gargaɗi ga manomi da makiyayi? In aka ga fari ko ambaliya tafe aka yi shiru, wa za a kira ya yi bayani? Mu marubuta da 'yan jarida ma akwai namu kason: mu koyi karanta waɗannan taswirori, mu samar musu kalmomi a harshenmu, kada mu bar su a hannun masu Turanci kaɗai.

Ban sake jin muryar Baba a layi ba. Ban san sunansa ba, kuma a wannan zamani na gudun hijira mutum ba ya son yawan tambayar inda wani ya shiga. In yana raye, ina fata wani zai kai masa wannan amsa da ta makara: Baba, in ya ga dawarka ta ƙone, mu zai gaya wa, kuma in muka yi shiru kana da haƙƙi a kanmu har gaban Allah. Yanzu duk ranar da hasashe ya shigo, da shi nake buɗe shiri kafin gaisuwar baƙo, in faɗi tauraron da muke ciki a lissafin kakanni, sannan in faɗi abin da na'urar sama ta hango.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.